Alewar da Ta Cinye Man Maijego

Ranar wata Laraba da hantsi, cikin kakar shekarar da nake aji shida na firamare, ina tsugune gaban murhu a tsakar gidanmu da ke Tudun Kaya, ina juya tukunyar alewa da muciya. Washegari za a yi sunan ɗan yayata Rabi, kuma ni na roƙi a bar mini aikin alewar da za a raba wa yara. Madara ta riga ta yi kauri, sukari ya narke, haɗin ya fara komawa ruwan ƙasa. Na ɗauko kwalbar man shanun da na jingina kusa da wuta don ya narke, na tuttule shi kusan duka a ciki, na ci gaba da juyawa ina jin kaina wata babba. Kakata, wadda muke kira Iya, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Sai ta ɗaga kai, ta shaƙi iska sau biyu, ta ce, "Jummai, alewa kike yi ko miyar kuka?" A lokacin ne ni ma na ji abin da ta ji. Ƙamshin soyayyar albasa ne ke tashi daga tukunyata.

A makaranta na koyi wannan alewa. Mu yaran ƙauye mun saba da hanjin ligidi da kantu da gyaɗa mai gishiri, waɗanda ake sayarwa a gindin darbejiya lokacin tara da rabi, mu ci mu koma wasan carafke da 'yar gala-gala har a kaɗa ƙararrawa. Wata rana sai malamar da ke koya mana girki ta zo da ƙaramin risho da gwangwanin bota, wato man shanun kanti, ta dafa madara da sukari a gabanmu, ta zuba botar, wadda ta narke ta zama ruwan zinare. Ta nuna mana yadda ake ɗiga haɗin a ruwan sanyi: in ya watse da saura, in ya dunƙule ya yi tauri to ya nuna. Kowa ya samu gutsure kamar ƙwayar gurjiya. Na rubuta komai a bayan littafin lissafi, kuma tun daga ranar, duk lokacin da na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke da bai wa awaki harawa, sai in laɓe bayan rumbu da gwangwanin madara da cokalin sukari ina gwadawa. Na ƙona gwangwani sun fi biyar. Iya ta sa mini suna Malama Mai Ƙauri.

Ita kuwa kwalbar nan tana da tarihinta. Yaya Rabi ita ce 'yar fari a wurin mahaifiyarmu, Inna, don haka tsakaninsu akwai kunyar da aka gada. Ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba. Sai dai ta ce "waccan", ko "ta Rogo" bayan an yi mata aure can. Ba ta yaba mata a gaban mutane, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya. Da Yaya Rabi ta dawo gida goyon ciki, Iya ce ke kwana da ita, ita ke tambayarta jiki, Inna kuwa ta wuce ta ƙofar ɗakin kamar ba ta san da mutum a ciki ba. Amma tun ranar da labarin cikin ya zo, Inna ta fara wani abu a ɓoye. Akwai ƙawarta Dije, Bafulatana daga wata ruga ta bayan garinmu, mai kawo mana nono duk mako, Inna ta ba ta dawa. Kowane zuwa Inna takan ware curin mai guda biyu, ta soya da albasa a kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwansa ya ƙone, ta tace, ta ɗura a kwalba. Wata biyar tana wannan tari, mu kuwa muna cin tuwo da man gyaɗa. Wannan man shi za a zuba wa maijego a tuwo har ta yi arba'in, kuma da shi za a tari dangin mijinta ranar suna. Duk abin da Inna ba ta iya faɗa wa 'yarta da baki, a kwalbar nan ta zuba shi.

Da safen ranar, kafin ta fita aro manyan tukwane a maƙwabta, Inna ta ce mini, "Mai yana ƙarƙashin gadona." Na leƙa na ga abu biyu. Ga ƙwarya an rufe da faifai, curin ɗanyen mai farare suna yawo a cikin nono, shi ne wanda Dije ta kawo jiya domin alewa. Ga kuma kwalba, man cikinta ja-ja gwanin kyau. Na san da labarin man maijego, amma na ɗauka tun ranar haihuwa aka mayar da shi ɗakin Yaya Rabi. Na dubi na ƙwarya, fari ne kuma yana tsamin nono. Na dubi na kwalba, launinsa sak na botar malama. Ban tsaya tambaya ba. Ko da na buɗe murfin ban ji wani baƙon abu ba, domin tun tasowata in aka ce man shanu, wannan ƙamshin hancina ya sani. Ban taɓa raba shi da albasa a raina ba sai da ya haɗu da sukari.

Iya ta taso da kyar, ta ɗaga kwalbar ta duba a rana. Abin da ya rage bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Muciya ta tsaya a hannuna. Ba duka nake tsoro ba, Inna ba mai duka ba ce. Ina hango gobe ne, ga uwar mijin Yaya Rabi ta zo daga Rogo da tawagarta, a ajiye musu tuwo gaya ba mai, a koma ana cewa gidan su Rabi ba su yi wa 'yarsu tanadin komai ba. Ina kuma hango wata biyar na Inna suna tafarfasa a gabana. "Juya mana, ko so kike ki haɗa mana da ƙauri?" in ji Iya. Na ci gaba da juyawa hawaye na ɗiga a gwiwata. Ta shiga ɗakinta ta fito da ƙullin busasshiyar citta da kanumfari da masoro, ta daka a ƙaramin turmi, ta barbaɗa a tukunyar. Ta ce, "Man wa ne? Na maijego. To cikin maijego zai shiga. Ai a tukunya ya zuba, ba a ƙasa ba." Ta sa na ɗiga haɗin a kofin ruwan randa kamar yadda malama ta koya mana, ya dunƙule ya yi tauri. Muka shafa wa babban faranti ragowar man, muka juye, muka baza da bayan ludayi, kafin ta huce Iya ta sa na yanka ta ƙanana-ƙanana da wuƙa.

Inna ta dawo da tukunya a ka. Ta sauke, ta ga kwalba a ƙasa, ta ga faranti, ta gan ni. Ta daɗe tana kallon kwalbar. Iya ce ta yi maganar, ta ce 'yar boko ta ƙirƙiro sabuwar alewar masu jego, a fito da ɗanyen man a soya tun rana ba ta yi ba. Inna ta shiga ta ɗauko ƙwaryar, ta tsame curin ta wanke, ta yanka albasa, ta zauna a murhun da na tashi. Ta soya shi a hankali kamar yadda ta saba. Bai kai rabin kwalba ba, amma zai ishi baƙin gobe. Yara kuma aka ce a soya musu gyaɗa, tunda kaka ce, buhuna na jingine a zaure.

Ranar suna mutanen Rogo suka iso kafin azahar, mata cike da mota, da guɗa da kayan barka. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gajiya da amfanin gona da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, uwar mijin, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ta shiga ɗakin maijego. Ni na kai musu ruwa, sai na tarar Iya ta riga ta tura mata farantin alewar. Na maƙale a bakin ƙofa. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta daɗe tana tsotsa, idonta a rufe. Tsohuwa ce da ta tashi cikin shanu, ba a yi mata ɓoyon mai. Ta ce, "Wa ya soya man nan?" Inna tana tsaye daga waje riƙe da kwanon tuwo. Hajiya ta sake ɗaukar wata ta ce, "Ko wace ce, ba ta yi gaggawa ba. Wannan ba suyar rana ɗaya ba ce, an daɗe ana tara shi. Rabi, kin yi sa'ar gida." Inna ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini kwanon ta ce in shigar, ita za ta duba miya. Na ga tana gyara ɗankwalinta da bai kwance ba.

Dije ta ci gaba da kawo mai duk mako, tuwon maijego bai taɓa zama gaya ba har aka yi arba'in. Alewar kuwa Yaya Rabi ta juye ta a kwanon sha mai murfi ta ajiye a gefen filo, ta hana kowa. Kullum da safe, bayan wankan ruwan zafi da kunun kanwa, sai ta ɗauki ɗaya. Wata rana na ce mata ta yi haƙuri da albasar. Ta ce, "Ke dai ba ki san komai ba. Man Inna ne." Ta faɗa da ƙarfin da na tabbata an ji daga tsakar gida, inda Inna ke tankaɗe. Tankaɗen ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ranar da za a mayar da ita Rogo, saura guda uku a kwanon, ta ƙulle su a bakin zani ta tafi da su. Inna ba ta taɓa yi mini maganar kwalbar ba. Abin da kawai ya canja shi ne, daga ranar in za ta soya mai sai ta kira ni in tsaya kusa da ita in gani.

Yanzu ina zaune a Kano, ina da murhun gas, bota kuma a kanti nake saye, a naɗe cikin takarda, ba ta ƙamshin komai. 'Yata ta fari tana duba yadda ake alewar a waya, tana auna komai da kofi, kuma tata ta fi tawa kyau. Ina kiran sunanta sau ashirin a rana, ina rungume ta a gaban kowa, ba na jin na yi asarar komai da barin waccan kunyar. Inna da Iya duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Yaya Rabi ta yi jikoki a Rogo, kuma duk lokacin da zan je wurinta nakan aika a nemo mini ɗanyen mai daga ruga, in soya da albasa, in yi mata alewar da gangan. Takan tsotsa ta ce ta yi daɗi, sannan ta ƙara da cewa wutata ta yi yawa. Gaskiyarta ne. Ni a rana ɗaya nake soya nawa.