Shida da Takwas a Garken Inna Saude

A wata ruga yamma da Tudun Wada aka haifi Saude, a nan aka yi mata aure, a nan kuma ta tsufa tana kai nono kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen kindirmo a wurinta ya san halinta: ba ta ƙara ruwa, ba ta tauye ludayi, amma ba ta yarda da kowa. In ka yaba nononta, sai ta leƙa ƙwarya ta ga ko ka jefa wani abu. In ka tsawaita gaisuwa, sai ta jira ta ji abin da ka zo nema. Cikin mutane kuwa ba wanda ta fi tsarguwa da shi kamar mai fensir, don tun tana yarinya masu jangali ke zuwa ruga da shi a bayan kunne, kuma ba ta taɓa ganin sun tafi garke ya ƙaru ba.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗa guda ya rayu a hannunta, Hamman, ɗan farinta, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba. Shi ya auro Furera, 'yar manoma daga Kiru, suka sami ɗa namiji. A damanar 1954 zazzaɓi ya kwantar da Hamman, bai tashi ba.

Ko da Furera ta fita takaba rani ya shiga, makiyaya sun tafi da shanun marigayin wajen duwatsun Doguwa. Duk da haka liman, Malam Zailani, ya ce a zauna kowa ya san rabonsa kafin shanu su dawo. Saude ta je. Ta san ƙarfinta ya ƙare, abin da aka ware mata a zaman nan shi za ta riƙa tatsa har ta koma ga Allah. Tana shiga zauren liman ta tarar da Surajo, ƙanen Furera, wanda ya gama Midil a Kano, yake koyar da lissafi a elementaren Tudun Wada. Ga fensir a aljihun gaban rigarsa.

Liman ya yi addu'a, ya ce uwa tana da sudusi, mata sumuni, saura na maraya ne.

"Malam, faɗa mini da Hausa," in ji Saude.

Liman ya dubi Surajo ya ce, "Warware mata, ai aikinka ne."

Surajo ya rusuna. "Inna, naki kashi ɗaya cikin shida, na Yaya Furera kashi ɗaya cikin takwas."

Saude ta lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin mayafi. Shida. Takwas. Ta sake, aka sake samun haka.

"Ni da na haife shi shida, ita da ta zo jiya takwas?"

"A'a, Inna, naki ya fi. In an raba abu gida shida, kowane kashi ya fi kauri a kan in an raba shi gida takwas. Bari ki gani, a ce shanun nan su ashirin da…"

"Kul! Rufe mini baki!" Ta ɗaga hannu. "Ba a ƙirga mana shanu da baki. Ɗana ya tafi, kana so garken ya bi shi?"

Surajo ya haɗiye sauran maganar. Ya fita ya zaro kara biyu daga dannin gidan, ya gwada tsawonsu a gabanta, ya kakkarya ɗaya gida shida, ɗaya gida takwas, ya ɗauki guntu daga kowanne ya jera a tabarma. Na shidan ya fi tsawo, kowa ya gani.

Saude ma ta gani. Amma ta ga wani abu kuma: shi ya zaɓo karan, shi ya karya, ita kuwa mai takwas ɗin uwa ɗaya uba ɗaya suke da shi.

"Kai ɗan boko, yaushe saniya ta zama kara? Ita ma kakkarya ta za ka yi?"

Shaidun da ke bakin zaure suka yi dariya. Liman ya ce rabon Allah ne, ba na Surajo ba, kuma yaron gaskiya ya faɗa. Saude ta ce ba ta ja da rabon Allah, amma ai musaya halal ce in an yarda. Ta yafe wa Furera shidan, a ba ta takwas ɗin.

"Don Allah, Inna, kada ki yi haka," in ji Surajo. "Wallahi ke za ki yi asara."

Wannan rantsuwa ita ta gama tabbatar mata. Tun da take ba ta taɓa ganin mutum yana gumi don ya hana yayarsa ƙaruwa ba. In yana roƙonta kada ta karɓi takwas, to a takwas ɗin alherin yake.

Furera ta ce daga bayan ƙofa, "Inna, ki bar shi yadda Malam ya faɗa."

"Kun ji ko? Ita ma ba ta son sakinsa."

Furera ta ce ta yarda, tunda haka Inna ke so. Sau uku liman yana tambayar Saude, sau uku tana cewa ta amince. Shaidu suka shaida.

Da ruwan farko ya sauka shanu suka dawo. Aka ware na maraya, aka kora huɗu wajen Furera, uku wajen Saude. Saude ta tsaya tana duban nan tana duban can, har ƙafafunta suka gaji. Ranar ba ta ci tuwo ba. Abin da zuciyarta ta ba ta shi ne an ɓoye wasu shanun a Doguwa don lissafin ɗan boko ya fito daidai.

Da Furera za ta koma gidan iyayenta a Kiru, ta jawo saniya ta huɗun, wata fara mai cikakkiyar hantsa, ta durƙusa a ƙofar bukkar surukarta.

"Inna, ga ta. Dama taki ce."

Saude ta fito. Ta buɗe bakin saniyar ta duba haƙora, ta ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ta shafa hantsa, ta leƙa ido da hanci. Ba ta sami aibi ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Wa zai ba da lafiyayyar saniya haka kawai?

"Tafi da abarki," ta ce. "Ba za ki bar mini ciwo a garke ba."

Furera ta goya ɗanta tana hawaye, aka kora shanun suka bi hanyar Kiru. Saude ta ce wa maƙwabciyarta, "Za ki ji labari, farar nan ba za ta kai kaka ba."

Da shanu uku ta ƙarasa rayuwarta, nonon da ƙyar yake cika ƙwarya ranar kasuwa. Shekara na zagayowa wani bafatake ya kawo labari daga Kiru cewa farar saniya ta haihu, har mace ta haifa. Saude ta dube shi sama da ƙasa.

"Nawa suka ba ka ka zo ka faɗa mini?"