Keken Riɗin Maharazu

Maharazu taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon in faɗa masa duk abin da na ga dama, kuma ina faɗa. Tun muna yara a Taura nake ce masa Kurma, ba don ba ya ji ba, sai don idan ya sa wani ƙarfe a gaba za ka yi masa magana sau uku bai ɗago ba. Hannu Allah ya ba shi, bai ba shi baki ba. Ni kuwa bakin aka ba ni, shi ya sa na ƙare a direban a-kori-kura, ina ɗaukar kaya tsakanin Gujungu da Jahun da Dutse.

Gyaran keke ya gada. Kawu, wato ubansa, yana da rumfa a gindin wata darbejiya a bakin titi, kuma a nan Maharazu ya tashi, yana faci, yana ɗaure sarƙa, yana miƙe ƙafar da ta lanƙwashe. A lokacin keke abin hawa ne na mutunci. Malamin makaranta da shi yake zuwa aiki, ango da shi yake zuwa gaida surukai. Sai babura masu araha suka shigo. Cikin 'yan shekaru kowa ya jingine kekensa a zaure, kaji suna kwana a kai. Maharazu ya wayi gari yana wuni a rumfa babu wanda ya ce masa ko iska ya sa masa. Yana dab da shekara talatin ya tafi Ringim koyon walda, ya zauna shekara uku a ƙarƙashin wani da ya girme wa. Da ya dawo ya shiga yin ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe. Ba arziki ya yi ba, amma tukunyar gidansa ba ta taɓa kwana a kife ba.

Matarsa Hindatu 'yar Alhaji Idirisu ce, mutumin Taura da ya yi aikin gwamnati a Dutse har ya yi ritaya, ya gina gidansa a can. Ita ta ga Maharazu ta ce shi take so, kuma aka ba ta. Alhaji bai hana ba, amma bai taɓa mantawa da cewa 'yarsa mai takardar sakandare ta auri mai walda ba.

Kowa yana kunyar surukinsa, ni ma ina yi. Amma ta Maharazu ta wuce misali. Tun daga bakin layi yake cire takalmi. Idan ya shiga zauren Alhaji tsugunawa yake a bayan ƙofa, ya yi gaisuwa, ya yi shiru, ya tashi. Bai taɓa shan ko ruwa a gidan ba. Nakan ce masa, "Kai Kurma, da Alhaji zai ɓata, 'yan sanda su ce ka kwatanta shi, takalminsa kaɗai za ka iya kwatantawa." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Shi ma Alhajin, shekara goma sha huɗu, "lafiya lau" kaɗai ke haɗa su. Idan zai yi zancensa da wani sai ya ce "mutumin Taura."

Hindatu tana noman riɗi a 'yar gonar da suke da ita a bayan gari. Duk kaka wahalar ɗaya ce. Mata su wuni da faifai suna shiƙa har kafaɗa ta riƙe, a kai Gujungu, dillali ya zura hannu cikin buhu, ya murza, ya ce akwai yashi, ya karya farashi. Wata shekara ta dawo daga shiƙa ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Maharazu ya zagaya bayan rumfa, inda gawarwakin kekunan Kawu suke jibge suna tsatsa, ya tsaya yana kallonsu.

Kaka biyu ya yi yana fama da haɗa injin shiƙa daga tsofaffin kekunan nan. Na farkon da ya haɗa, fankar ta yi ƙarfi, ta kwashe riɗin Hindatu rabin kwano ta watsa a gidan maƙwabta, kajinsu suka yi biki. Na yi masa dariya har na riƙe ciki. Na biyu ya toshe. Na uku shi ne ya yi. Mutum zai hau sirdi ya taka feda kamar mai tafiya kasuwa, sarƙa ta juya fanka, rariya uku suna kaɗawa ɗaya bisa ɗaya. Ƙaiƙayi ya tashi ta baya, yashi da tsakuwa su zube ƙasa, riɗi ya fito ta gaba fari tas. Ba mai, ba lantarki. Aikin da mata biyar suke wuni a kai, mutum ɗaya ya gama shi kafin azahar. Matan unguwa ne suka sa masa suna keken riɗi. Ya ƙera guda goma sha ɗaya, har Aujara aka kai wasu, kuma ko ɗaya bai rubuta sunansa a jiki ba.

Daga nan laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Ni na ji a rediyon mota cewa wata ƙungiya za ta yi baje kolin masu ƙirƙira a Dutse, wanda ya zo na ɗaya za a buɗe masa wurin aiki da injina, a yi wa abin da ya ƙirƙira rajista da sunansa. Ni na zo na tasa shi gaba. Na ce, "Kai, har yaushe za ka zauna a gindin darbejiya? Duniya ta canza. Yanzu ba wanda ya iya ake nema ba, wanda aka sani ake nema. Ka je a san ka." Kwana uku ina yi masa ihu kafin ya yarda.

Fom ɗin a waya ake cikewa, da Turanci, kuma dole sai da sunan kamfani mai rajista. Mu ina muka ga kamfani? Hindatu ta ce ai Baba yana da ɗaya, wanda ya buɗe bayan ritaya don neman kwangilar da ba ta taɓa zuwa ba. Ta kira ƙaninta Haisam, wanda ya gama jami'a yana zaune a gida, ya cike fom ɗin cikin minti goma. Muka yi ta sa masa albarka.

Ranar baje kolin ni na ɗauki keken a motata. Fili ne babba an kakkafa rumfuna. Ga masu sabulu, ga masu busar da tumatir da hasken rana, ga wasu samari da ke nuna yadda za ka sayi taki ta waya. Mun sauke keken, Maharazu ya goge shi, ya zuba riɗi a kwando, ya tsaya a gefensa cikin sabuwar shaddarsa. Ban taɓa ganinsa a miƙe haka ba. Can sai ga Alhaji Idirisu ya iso cikin babbar riga, Haisam yana bayansa da waya a hannu. Maharazu yana hango shi ya zame takalmi, ya koma bayan keken ya tsuguna. A tsugunen nan ya yi hantsi.

Alƙalan su uku ne, shugabarsu wata mata ce mai tabarau, Bahaushiya, da littafi a hannu. Ta ce a nuna mata yadda yake aiki. Alhaji ya dubi keken sama da ƙasa, bai san inda ake farawa ba, sai ya yi nuni da hannu ta baya. Maharazu ya tashi ya hau, kansa a sunkuye, ya taka. Riɗi ya fara zubowa. Matar ta tara tafin hannu, ta murza, ta ɗan sa a baki. Ta kira sauran biyun. Mutane suka fara barin wasu rumfunan suna taruwa a tamu.

Ta ce, "Wa ya ƙirƙiro wannan?"

Alhaji ya ce, "Kamfaninmu ne, Hajiya."

Ta nuna Maharazu da biro. "Shi wannan fa?"

Alhaji ya ce, "Yarona ne."

Matar nan ba sakarya ba ce. Na ga ta kalli hannun Alhaji, ta kalli hannun Maharazu da duk tabon ƙunar walda ya cika. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Malam, ɗago ka dube ni. Kai ka ƙera wannan abu, ko aiki kake yi wa Alhaji?"

Da Hausa ta tambaye shi, ba da Turanci ba. Kalma biyu ake nema daga bakinsa: ni ne. Amma surukinsa yana tsaye taku ɗaya daga gare shi, ya riga ya yi magana a gaban jama'a. Maharazu ya sauko daga keken, ya sake tsugunawa, ya ce, "Yadda Baba ya faɗa, haka ne, ranki ya daɗe."

Ta ɗan jira. Ta rubuta abin da za ta rubuta, suka wuce rumfa ta gaba. Za ku ce ni fa, mai baki? Na buɗe shi. Maharazu ya ɗago ya yi mini wani kallo na roƙo, ni ma kuma na tuna dattijon nan surukin gidanmu ne. Na rufe bakina. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A hanyar komawa ban iya haƙuri ba. Muna wuce Jahun na gangara gefen titi na kashe mota. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? An tambaye ka, da bakinka ka ba da kaka biyu kyauta!"

Na juyo in ci gaba, sai na ga murmushi yake. Wallahi murmushi. Ya ce, "Sagiru, ba ka ji abin da ya ce ba? Yarona. A gaban mutane. Shekara goma sha huɗu bai taɓa haɗa ni da kansa ba sai yau."

Na ce, "Kai ka ji ɗa. Ita kuwa matar, lebura ta rubuta."

Ya ce, "Haba, ai Baba ya san ni na yi."

Keken ya zo na ɗaya. Takardar rajista ta fito da sunan kamfanin Alhaji. Aka buɗe masa wurin aiki a Dutse da injinan yanka ƙarfe, ya ɗauki masu walda huɗu, suka kwance keken da muka bari a can suka auna komai. Haisam ya sa aka yi masa koren fenti da tambari, ya riƙa ɗora bidiyonsa a waya, oda tana zuwa har daga wasu jihohi. Aka yi hira da Alhaji a rediyo, na ji da kunnena yana ba da labarin yadda tausayin matan karkara ya hana shi sukuni har tunanin ya zo masa. Ba na cewa da niyyar sata ya fito daga gida ran nan. Abin da na gani shi ne, da aka faɗa sau uku a rediyo, shi kansa ya yarda.

Bayan wata biyu saƙo ya zo ta bakin Hindatu, don Alhaji ba ya magana da suruki kai tsaye. Wai a daina ƙera keken a Taura ana sayarwa, takarda ta hana. Wai in Maharazu yana so ya zo Dutse a ba shi matsayin babban yaron shago. Hindatu ta faɗa tana kuka. Ta shirya ta tafi Dutse ta yi kwana biyu wajen mahaifiyarta, ta dawo da buhun shinkafa da kumburarrun idanu. Maharazu bai ce a'a ba, don ba a ce wa suruki a'a. Ya aika cewa sai bayan damina. Da damina ta wuce ya ce sai bayan kaka. Yau shekara uku ke nan. Bai je ba, bai kuma sake ƙera ko ɗaya ba. Ya koma ƙofofi da tagogi. Murmushin nan ma na daina ganinsa, kuma na daina tsokanarsa, don ba daɗi tsokanar wanda ba ya ramawa ko da ido.

Kakar da ta wuce wani manomi daga Aujara, Ɗan'inna, ya ɗauke ni haya in kai masa kekensa gyara. Kore ne, mai tambari, na Dutse. Ya ce tun da ya saye shi yashi yake bi cikin riɗin, ya kira lambar da ke jiki an ce haka suke. Na ce na san wani mai walda a Taura.

Maharazu ya dubi keken ya daɗe. Ya zuba riɗi kaɗan, ya juya fedar da hannu, ya karkata kai yana sauraron yadda ƙwayar ke gudu a kan rariya. Sai ya kwance noti biyu, ya ɗaga rariyar tsakiya kamar faɗin ɗan yatsa, ya sa wani guntun ƙarfe ya tokare, ya ɗaure. Masu auna ƙarfen Dutse sun auna komai, wannan karkatar ce ba su gani ba. Ya ce wa Ɗan'inna ya hau. Riɗi ya zubo babu ko ƙwayar yashi.

Ɗan'inna ya sauko yana ta juya riɗin a hannu. Ya ce, "Kai Malam, Allah ya yi maka hannu! Wallahi kamar kai ka ƙera shi. Ka taɓa ganin mai shi kuwa? An ce wani Alhaji ne a Dutse, ƙwaƙwalwa gare shi ba kaɗan ba. Da za ka je wurinsa, na tabbata zai ɗauke ka aiki."

Na dubi Maharazu. Babu suruki a wurin, babu alƙali, daga ni sai baƙo sai darbejiya. Ya goge hannunsa da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

Ya ce, "Haka ake faɗa."

Ya kama gefe ɗaya na keken, ya ce in kama ɗayan mu ɗora a mota.