Hollis Quillen, Direban Da Ya Tsaya Ana Tsakiyar Tsere

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, da hantsi, Earlene ta kira ni a waya ina gareji, hannuna duk baƙin mai. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Vernon, Hollis ya cika." Na ce, "Ya sha wahala?" Ta ce, "Wahala ai ya gama shan ta tun tuni." Haka na ji rasuwar mijinta, Hollis Quillen, wanda sau huɗu yana ɗaukar kofin tseren motoci na yankinmu. Ya rasu a gidan jinya na garinmu a jihar North Carolina ta Amurka, yana da shekara sittin da takwas.

Hollis, mai karanta wannan zai ɗauka da abota muka fara. Ni da kai mun san da gaba muka fara. Dukanmu 'ya'yan manoman taba ne, muka soma tsere a filayen jar ƙasa da tsofaffin motocin da muka haɗa da hannunmu. Kai kuwa ba ka san inda birki yake ba. Ka sha dukan bayan motata a kwana har ta juya. In na zo maka da faɗa sai ka ce, "Haba Vernon, na ga kamar ta mutu ne na ɗan tura ka. Ko na gode babu?"

Gabar ta ƙare ne a tseren ƙarshe na wata shekara. Kana kan gaba, ƙarasawa kawai za ka yi ka ɗauki kofinka na farko. Tayata ta fashe, na daki katanga, motar ta kife, fetur ya kama. Bel ɗin kujera ya ƙi kwancewa. Ina rataye kai ƙasa, ina jin ƙaurin gashina, sai na hango shuɗiyar motarka ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta taga ka jawo ni, safar hannunka tana narkewa a jikin fatarka. Wani ya ɗauki kofin. A asibiti aka kwantar da mu ɗaki ɗaya, na tambaye ka me ya sa ka tsaya. Ka ce, "Kai dai yi shiru. In ka ƙone, wa zan riƙa ba wa kashi ranar Asabar?" Yatsun hannunka na hagu ba su sake miƙewa ba, kuma da su ka riƙe sitiyari ka ci kofunan nan huɗu.

Amma ba don kofuna za a tuna da kai ba. Za a tuna da kai saboda abin da ka yi bayan mutuwar ƙanenka Coy. Yana cikin tsere ɗaya da mu ya daki katangar kankare. Ko ƙwarzane babu a jikinsa, wuyansa ne ya karye nan take. Ka wuce ta gefen motarsa, ka tambaya ta rediyon sadarwa na motarka ko ya fito. Masu filin ba sa so a tsayar da tsere, sai aka ce maka ya fito lafiya. Ka ci gaba, ka zo na ɗaya, aka miƙa maka kofi ana tafi, kana dariya kana waige kana neman Coy. Sai a lokacin aka faɗa maka. Ka ajiye kofin a ƙasa, ba ka sake taɓa shi ba.

Bayan jana'iza ka tara direbobi a garejinka. Ka ce kada wanda ya sake tayar da inji sai an lulluɓe katangu da abin da zai rage ƙarfin karo, an kuma tilasta wa kowa ɗaura abin tallafe wuya. 'Yan kaɗan ne muka tsaya tare da kai. Sauran suka ce tsoro ya kama Quillen. 'Yan kallon da ke kiran sunanka jiya suka jefe ka da gwangwani, kamfanonin da ke manna sunansu a motarka suka janye. Lokacin kana kan ganiyarka, ka zauna a gida har kakar tsere ta wuce. Sai da wani direban ya sake mutuwa irin mutuwar Coy sannan sauran suka dawo bayanka, masu filaye suka sauko. Ba ka yi murna ba. Ka ce da sun ji tun farko, da matar mutumin nan ba ta zama gwauruwa ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne, kai ma tseren ya riga ya gama da kai. A zamaninmu in ka bugu a kai kana ganin abu bibbiyu, sai ka sha ruwa ka koma mota. Shekaru bayan ka yi ritaya ka fara ɓata hanyar gida daga coci. Daga nan sai fushi, kai da ba ka taɓa ɗaga wa Earlene murya ba. Ta ɓoye makullan mota, ka farfasa kwanuka kana nema. Kullum ita ke dafa maka wake da burodin masara, wata rana ka dube ta ka tambaye ta wane ne ya ɗauke ta aiki.

Zuwana na ƙarshe gidan jinya, ka ƙura mini ido, ka kama hannuna da lanƙwasassun yatsun nan. Ka ce, "Malam, ka fito daga filin ne? Coy ya fito daga motar?" Na dubi Earlene. Ta ce a hankali, "Kullum sai ya tambaya. In aka gaya masa gaskiya, sabon kuka yake yi." Na ce maka ya fito. Ka saki hannuna ka yi ajiyar zuciya. Sai da na kai mota na iya yin kukana.

Tun kana da sauran hankali ka sa 'yarka Darla ta yi alkawarin ba wa likitoci ƙwaƙwalwarka, su duba abin da karo ya yi mata, ko na baya za su tsira. Ta cika alkawari. Ranar Asabar muka binne ka kusa da Coy. Waɗanda suka ɗauki akwatinka direbobin yanzu ne, kuma babu ɗaya a cikinsu da bai taɓa dukan katanga ya fito da ƙafafunsa ba.

Ban jira ba na yi wannan rubutu, domin ni ma na fara laluben sunayen jikokina. Na so in faɗi wane ne kai tun ina iya tunawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Earlene, wadda ta yi jinyar mutumin da ya daina gane ta, ba ta taɓa gajiya a gabansa ba, da Darla da 'ya'yanta, da dukan zuri'ar Quillen. Allah ya ba ku haƙuri, ya saka muku da alheri. Hollis, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya mayar maka da hankalinka a can, ya haɗa ka da ɗan'uwanka. Mu da muka rage, Allah ya sa namu ya zo da sauƙi. Amin.