Gashin Rago a Hancin Mota

Inusah daga bakin ƙofa ya fara sanin mota. Tun yana ɗan saurayi a zangon Kumasi ya zama karen mota a wata tsohuwar bas, rabin jikinsa a ciki rabi a waje, yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe. Ubangidansa ya koya masa abubuwa da yawa, amma wanda ya fi zama masa daram a kai shi ne cewa sanyin mota na manya ne, kuma shi ke shanye mai. Mai son iska ya sauke gilashi, ai Allah ya ba da ita kyauta.

Da wannan karatu ya shigo New York, da shi kuma ya yi shekara da shekaru yana tuƙin haya tsakanin Bronx da Manhattan. Fasinja na shiga zai kunna esi, na'urar sanyin mota, fasinja na fita yatsansa na kan maɓallin kashewa, ko da kuwa gari na tafasa. Abokan sana'arsa a masallacin Tremont sun yi masa tsiya har sun gaji. Cewa suke ko Aljanna aka sa Inusah, sai ya fara neman inda ake kashe iskar.

Sai ga shi ya canza mota, ya karɓi haibirid, irin wadda ke aiki da fetur da lantarki a haɗe. A ranar farko, a danjar farko kan titin Grand Concourse, injin ya ɗauke ɗif. Gabansa ya faɗi, ya ce shi ke nan, sun sayar masa da gawa. Yana cikin salati ya ji wani abu na shafa masa fuska. Sanyi ne. Injin ya yi shiru, mota ko girgiza ba ta yi, amma iska mai sanyi na fitowa abinta. Ya sa tafin hannu a bakin ramin iskar ya riƙe, har aka ba da hannu na baya suka dame shi da oda. Shi a iya saninsa, sanyi ba ya samuwa sai inji na gurnani. Daga baya aka gaya masa wani ƙaton batir ne a ƙarƙashin kujerar baya ke juya na'urar sanyin, ba ruwanta da bel ɗin inji. Makonni ya yi yana ba da labarin ga duk wanda ya tsaya kusa da shi a sahu. “Inji ya yi barci,” in ji shi, “sanyi bai yi ba. Wallahi ɗan Adam abin tsoro ne.” Duk da haka hali zanen dutse, fasinja na sauka sai ya kashe.

Akwai abu guda da ba ya rabuwa da shi a motar. Mahaifinsa, Malam Kadri, ya rasu a Kumasi lokacin da takardun Inusah ba su kammala ba, don haka bai ga jinyarsa ba, bai ga jana'izarsa ba, ta waya kawai ya ji. Abin da ya iso hannunsa daga gadon shi ne buzun salla, fatar wani farin rago, wadda gashin wurin goshi ya sule saboda yawan sujada. Yakan naɗe shi ya cusa a wani ɗan lungu a gefen kujerar baya, wurin da ke da 'yan tsage-tsage, ya zauna cif kamar don shi aka yi wurin. A kansa yake salla a filin jiran fasinja na filin jirgi, da gefen titi, da duk inda lokaci ya riske shi.

Da mahaifiyarsa Mma Abiba ta zo ta zauna da su, ciwon ƙoda ya biyo ta, aka sa mata ranakun wankin jini a asibiti. Asibitin na da motar da ke ɗaukar marasa lafiya, amma Inusah ya ce a kai kasuwa. Shi zai kai ta, shi zai ɗauko ta. Shi ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce Direba. A gida ba ta cika magana ba, amma in ta zauna a gaban mota bakinta ya buɗe ke nan: wa ya mutu a Aboabo, unguwarsu ta Kumasi, wa ya aurar da 'ya, wace ce ta je Makka ta dawo da haƙori. Cikin wannan hira take gutsuro masa kwanakin ƙarshe na mahaifinsa kaɗan-kaɗan, abin da ya ci, wanda ya tambaya, addu'ar da ya yi. Inusah yana son waɗannan tafiye-tafiye fiye da yadda zai iya faɗa. Jinyar uba ta riga ta wuce shi, bai shirya barin ta uwa ta wuce ba.

A watan Yuli, lokacin da kwaltar Bronx ke turiri, motar ta canza hali. Injin ya daina barci a danja, sai gurnani. Wani huci na tasowa daga baya. Iskar da ke fitowa ta zama ba zafi ba sanyi, kamar ruwan randar da aka bari a rana. Wata rana bayan wankin jini cunkoso ya tsare su, ya waiga ya ga kan Mma Abiba ya langaɓe, gumi ya jiƙe mata mayafi, idonta na juyawa. Da ƙyar ya kai ta gida.

Matarsa Salima aikin kula da tsofaffi take yi, ta san abin da zafi ke yi wa mai irin wannan ciwo, kuma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

“Maigida, magana ɗaya ce,” ta ce. “Ko motarka ta yi sanyi kafin ranar Litinin, ko in kira asibiti su turo motarsu. Ba zan zuba ido Mma ta suma a hanya ba.”

“Wa zai yi wa su Mma magana a motar can? Ba mai jin Hausa ko ɗaya.”

“Gara su yi shiru su dawo da rai.”

Mma Abiba na jin su daga kan kujera. Abin da ta ce kawai shi ne, “To.” Wannan “to” ɗin ta fi masa ciwo fiye da duk maganar Salima.

Washegari da safe ya nufi garejin Kwasi bakanike a unguwar Soundview. Kwasi Ba'asante ne, amma a bakin zango ya tashi, Hausarsa ras, sai dai ya yayyafa mata Turanci da Twi. Ya auna gas ɗin esi ya ce cike yake. Ya jona kwamfutarsa ya duba, ya yi ƙwafa, ya zagaya baya. Ya zare buzun ya ɗora a kan rufin mota ba tare da ya ko kalle shi ba, ya kwance murfin lungun, ya zura hannu. Abin da ya zaro dunƙulen farin gashi ne, ya cure ya yi tauri, ya cika masa hannu.

“Ei, Masa Inusah,” ya ce, wato maigida Inusah. “Kana da kare?”

Inusah ya ji kamar an mare shi. “Kare? Ni? Kwasi, ka dube ni da kyau. Karen da ya taɓa shiga motata ni ne, ni ma karen mota na yi, ba na gida ba.”

“Kada ka yi fushi, chale. Duk wanda na cire wa irin wannan, mai kare ne ko mai kyanwa. Fankar batir ta toshe kwata-kwata.” Ya kai gashin hanci ya shinshina, ya ɗaga gira. “Amma wannan karen yana sa turare paa.”

Inusah ya karɓa ya shinshina shi ma. Ƙanshin almiski ne da tsohuwar fata, ƙanshin ɗakin zauren mahaifinsa. Ya ɗaga kai ya dubi buzun a kan rufin mota.

Kwasi ya gane, ya sassauta murya. Ya nuna masa tsage-tsagen lungun ya ce nan ne hancin batir. Batirin nan numfashi yake yi, kuma ba iskar waje yake shaƙa ba, iskar cikin mota ce, wadda fasinja ke shaƙa. In ciki da sanyi shi ma ya ji daɗi. In an kashe esi an bar ciki ya gasu, shi ma ya gasu. In kuma an toshe masa hanci sai zazzaɓi ya kama shi, motar ta rage masa aiki don kada ya lalace, inji ya kasa hutawa, sanyi ya ja baya.

“Ta hanya biyu ka shaƙe shi, Masa. Da yatsanka, da kuma wannan.”

Inusah ya tsuguna yana kallon fankar, 'yar ƙarama da ita, Kwasi na goge mata fukafukai. Mamaki ya hana shi tashi. Ashe duk shekarun nan akwai wani abu a ƙarƙashin kujera da ke raba numfashi da duk wanda ya ɗauka, da likita da mashayi da mai naƙuda da mahaifiyarsa, shi kuwa yana ta kashe masa iska yana ganin tattali yake yi. Ya ce Subhanallahi ya fi a ƙirga. Da Kwasi zai jefa gashin a kwandon shara ya riƙe masa hannu, ya karɓa ya sa a aljihu.

Sanyi ya dawo tun kafin ya fita daga garejin, amma buzu ba shi da sauran wurin zama. Gashinsa zai ci gaba da zuba, fanka kuma ta ci gaba da zuƙa. But ɗin mota kuwa, wurin taya da jarkar mai, zuciyarsa ba ta yarda ba. Da ya koma gida ya hau sama da shi a hammata, ya durƙusa gaban Mma Abiba ya faɗa mata komai, har da maganar kare.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. “Babanka da ransa bai taɓa toshe wa kowa hanci ba, sai da ya mutu ka sa shi.” Ta miƙo hannu. “Kawo nan, Direba.”

“Mma, a kansa nake salla.”

“Ka sayi darduma kamar kowa.” Ta shimfiɗa buzun a cinyarta tana shafa wurin da ya sule. “Shi ya gama tafiyarsa, bar shi ya zauna a ɗaki. Ni ce ban gama tawa ba.”

Ranar Litinin Salima ta sauko da kanta, ta sa hannu a bakin ramin iskar, ta daɗe, sannan ta buɗe wa surukarta ƙofa.

A hanyar dawowa Mma Abiba ta fara labarin wani auren da aka yi a Aboabo, ba ta kai ƙarshe ba barci ya ɗauke ta. Inusah ya sami wurin fakin a gaban gidansu, rana na dukan gilashi. Injin ya ɗauke. Yatsansa ya tafi kan maɓalli da kansa, yadda ya saba tun yana yaro, ya tsaya a nan. Shirun ya yi yawa har tsoro ya kama shi, ya karkata kunne wajenta. Numfashinta na fita a hankali, daidai. Can daga baya kuma, ƙasa-ƙasa, ya jiyo 'yar fankar tana jan nata. Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa, ya zauna yana sauraron su biyun.

Ta motsa, ba ta buɗe ido ba. “Direba, mun iso?”

“Da saura, Mma,” ya ce. “Ku yi barcinku.”