Albarkar da Balarabe Ya Ji

Buhunan suna nan har yau a mangazata, wato ɗakin ajiyar kayana da ke Dogon Dutsi, farare, an buga musu taswirar Afirka da koren fenti. Kaka uku ke nan ina zuba wake a cikinsu, ban ƙarar da su ba. Duk wanda ya tambaye ni inda na samo su sai in ce wani abokin ciniki ne ya bar mini. Gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba.

Ni ɗan kasuwar wake ne. Ban gaji sana'ar ba, ban kuma shiga lakwal na yi boko ba. Faransancin da nake ji a tasha na tsince shi. Wanda ya fara ɗora mini tiya a hannu, wato kwanon da muke awo da shi, wani dattijo ne mai awo a kasuwar Dumega. Shekara shida na yi a rumfarsa kafin in tsaya da ƙafata. Baba nake ce masa. Manoman ƙauyukan da ke kewaye wurinsa suke kai wakensu, shi yake yi musu ciniki, kuma abin da ya faɗa shi ke nan. Ba sarauta gare shi ba, ba dukiya ba. Abin da ya tara a shekarunsa guda ne: ba a taɓa jin ya sallama kaya ya dawo ya ce bai sallama ba.

A wannan lokacin rediyo ba ta da zance sai na kasuwar bai ɗaya ta Afirka. Ana cewa ƙasashenmu sun sa hannu, kayan da aka noma ko aka sarrafa a nahiyar za su riƙa ƙetare iyaka ba tare da kuɗin duwan ba, wato harajin shigo da kaya, sannu a hankali. Mu da muke bin hanya muna ji muna murmushi, don mun san shinge nawa ne tsakaninmu da bakin teku. Amma wasu a nesa sun ji zancen sun ɗauke shi da gaske. Ɗaya daga cikinsu ne aka turo mini daga Yamai, wani Balarabe daga hayin teku, mai furfura a gemu, mai yawan carbi, yana jin Faransanci.

Mutumin ya san abin da yake so. Ya ce in ya kawo kaya daga ƙasarsu, baƙon kaya ne, a kowace iyaka sai ya biya. In kuwa ya kafa inji a nan, ya sayi wakenmu, ya tsince shi, ya ɗura a buhu mai tambari, ya zama kayan Afirka, takarda ɗaya za ta kai shi ƙasashen bakin teku. Shi zai kawo inji da masu saye, ni in kawo wake da sanin mutane. Na ga alheri a ciki, ba don ni kaɗai ba. Wakenmu shekara da shekaru a tsofaffin buhunan siminti da na taki yake fita, da tsakuwa da ƙwaro, wasu su gyara shi a can su ci ribar.

Na gaya masa abin da na sani. Na ce takarda daban, mai tsaron shinge daban. Na ce iyaka takan rufe da safe ba a yi shawara da ɗan kasuwa ba. Na ce mu da sefa muke saye, maƙwabtanmu da naira suke zuwa, ranar da kuɗinsu ya motsa farashinmu ma sai ya motsa. Na ce shi kilo ya sani, manomi kuwa tiya ya sani, kuma tiyar wani ba ta wani ba ce. Ya saurara, ya rubuta a ɗan littafinsa. Duk waɗannan na faɗa masa. Kalma ɗaya ce ban faɗa masa ba.

Ana gab da fara roron wake na kai shi Dumega ranar kasuwa. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Bayan gaisuwa na yi bayani, Balarabe ya faɗi yawan da yake so da abin da zai biya a kan kowace tiya. Na juya wa Baba da Hausa. Baba ya juya ƙwayar wake a tafin hannunsa, sannan ya ce:

"Albarka."

Duk wanda ya taɓa sayen ko da albasa a ƙasar Hausa ya san abin da wannan yake nufi. An taya, mai kaya bai sayar ba. Ƙi ne cikin ladabi, wato ƙara. In ciniki ya faɗa, "na sallama" ake cewa. Amma Balarabe bai jira ni ba. Ya ji kalmar da ya sani tun yana goye, kalmar harshensu, fuskarsa ta washe. Ya kama hannun Baba da hannu biyu yana sa masa albarka da Larabci, ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha. Baba ya ce amin, ya dube ni ya ce, "Wanga baƙon naka akwai ladabi. An hana mai kaya, shina addu'a."

Na yi dariya. Balarabe ya juyo ya tambaye ni da Faransanci, "Ya amince ke nan?"

Na ce, "Ai ka ji da kunnenka."

Ban ce i ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina kamar wani abu ne. A lokacin lissafina a fili yake. Kowace shekara, in wake ya shigo kasuwa sosai, farashi yakan faɗi. Na ce nan da mako uku abin da Balarabe ya taya shi zai zama farashin kasuwa, Baba zai sallama da bakinsa, ba wanda zai san an taɓa samun saɓani. In kuwa na ce masa an ƙi, wataƙila ya tafi Maraɗi, inda aka riga aka yi masa tayin wani dillali. Shekara ashirin ina kallon farashin kaka yana faɗuwa. Na jingina da shi kamar bango.

A wannan shekarar bai faɗi ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a arewacinmu, wake ya yi fure bai cika ba. Masu saye daga hayin iyaka suka shigo tun kafin a gama roro, suna bin ƙauye ƙauye da babura. Na je Kore Mairuwa na ji farashi, na je Tibiri na ji wanda ya fi shi. Kowace kasuwa tiya tana ƙara nisa da tayin Balarabe.

Shi kuwa yana can yana gini a kan kalmar da ya ji. Injin ya iso, aka kafa shi a mangazata. Buhunan suka iso. Ya nuna mini takardar da ya sa wa hannu da wani mai saye a bakin teku, da ranar da kaya za su isa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa. Na farko muna tsaye gaban injin yana gwada shi, yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Na biyu a mota, ya ce mini abin da ya sa ya zaɓi ƙasarmu shi ne ya ga dattijo ya ba da kalmarsa da sunan albarka, ba lauya ba tambari. Na ce haka ne, na dubi hanya.

Ranar da ya sa, muka shiga Dumega da manyan motoci biyu, da hantsi, kasuwa ta cika. Baba yana rumfarsa, buhunan manoma jibge a bayansa, masu su zaune suna jira. Balarabe ya yi sallama ya ce in gaya masa mun zo ɗaukar kaya. Na ce wa Baba baƙo ya dawo kan maganar wake.

Baba ya ce, "Madalla. Nawa ya taya yau?"

Na juya. Balarabe ya ce wane irin tayi kuma, ai an gama, ya maimaita farashin farko. Na faɗa. Manoman da ke zaune suka kwashe da dariya. Wani a cikinsu ya ce, "Alhaji, baƙon naka barci ya yi tun damina?" Wani ya ce, "A ba shi ƙaiƙayi a wanga kuɗi, shi ma sai an roƙe mu."

Baba ya ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ya ce, "Albarka."

Wannan karon Balarabe ya ga fuskoki, ya ga ba wanda ya tashi ɗaukar buhu. Ya fara magana da sauri, muryarsa tana hawa. Ya ce an shafa Fatiha, ya ce ya zuba dukiyarsa a kan maganar wannan tsoho. Ban juya ko ɗaya ba. Sai ya bar Faransanci, ya nuna Baba da yatsa, ya faɗi kalma ɗaya da harshensu:

"Kazzab!"

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Baba ya yi karatun allo, rabin mutanen rumfar ma haka. Maƙaryaci. Har masu awo na maƙwabtan rumfuna suka ajiye tiya. Na ga wasu samari sun miƙe. Baba bai motsa ba. Bai dubi Balarabe ba, ni ya duba.

Ya ce, "Mi na yi mai? Kai ka kawo shi, kai ka ji mu duka. Yaushe munka yi ciniki da shi?"

Ina da hanyar fita, kuma na gan ta sarai. In ce wa Baba baƙo ne bai san kasuwa ba, in ja Balarabe gefe in ce tsoho ya ga farashi ya hau ya canza magana, haka mutanenmu suke. Kowannensu zai yarda da ni, don ba wanda yake jin ɗan'uwansa. Zan tsira da injin da abokin ciniki. Abin da zai biyo baya kawai shi ne mutumin nan zai koma Yamai, ya koma ƙasarsu, yana ba da labarin wani tsoho a Dumega da ya shafa Fatiha ya ci amana. Kuma a kasuwar nan za a riƙa cewa, ai an taɓa kiransa maƙaryaci a rumfarsa, wa ya san abin da ya faru.

Na cire hulata, ban san dalili ba. Na fara da Hausa, da ƙarfi yadda na bayan rumfa za su ji. Na ce Baba bai taɓa sallamawa ba. Na ce ya ce albarka, baƙo ya ɗauka yarda ce don haka take a harshensu, ya tambaye ni, na bar shi a kan haka da gangan, ina jiran farashi ya faɗi. Na ce in akwai maƙaryaci a rumfar nan, ga shi tsaye. Sannan na juya na maimaita wa Balarabe da Faransanci, ban rage komai ba.

Ya dube ni. Ya tambaya, "Albarka tana nufin a'a?"

Na ce, "A kasuwa, i."

Balarabe ya durƙusa gaban Baba, ya kama hannunsa, yana magana da Larabci a hankali. Baba ya bar masa hannun, ya ce, "Hwaɗa mai ba komi. Baƙo makaho ne, ko da idonai. Ɗan jagora aka tambaya." Wannan ma na juya, duk da a kaina take.

Motocin suka koma wayam. A farashin ranar, in Balarabe ya saya, asara zai kai bakin teku, ga kuɗin hanya da ba ya cikin takardar kowa. Ya rasa mai sayensa. Bayan wata ɗaya ya turo aka kwance injin, na ji an kafa shi a wani gari da wani dillali. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma sake ɗaukar wayata ba. Buhunan ne ya bari, don ɗaukarsu ta fi su tsada. Matan da na riga na yi wa alkawarin aikin tsintar wake a mangaza, ni na bi su gida gida na ba su haƙuri. Wannan ya fi mini rashin injin ciwo.

Kaka guda ban taka rumfar Baba ba. Da na koma, ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya auna mini wake, bai ta da zancen ba. Amma manoman ba su manta ba, kuma ban ce su manta ba.

Baƙi ba su daina zuwa ba. Kasuwar bai ɗaya tana nan a rediyo, shingayen suna nan a hanya, wake kuma yana nan. Bara aka turo mini wani, daga wata ƙasa ta gabas mai nisa, yana neman wanda zai kai shi wurin manoma. Tun a mota na koya masa kalmomi biyu, wadda ake ƙi da ita da wadda ake sallamawa, na sa ya maimaita har ya iya. Muka isa Dumega. Baba ya tsufa sosai, ido ya fara gazawa, amma yana rumfarsa. Baƙo ya taya, na juya.

Baba ya ce, "Albarka." Sannan ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina, ya ce, "Hwaɗa mai. Da ƙarhi, in ji."

Na ce da Faransanci, "Ya ƙi." Na maimaita da Hausa don mutanen rumfa: "Na ce masa ka ƙi, Baba."

Ya ce, "To. Yanzu shi ƙara."