Gyaran Maki Uku

Yau ko an tsare ni an ce in lissafa malaman da suka koyar da ni a Amurka, da ƙyar zan tuna rabinsu. Amma maganar maki ukun nan da kawuna ya nemi a yi mana gyaransu, wannan kam ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun nan ne da kuɗin mai ya faɗo wa ƙasar nan gaba ɗaya, gwamnati tana tura samari waje karatu kamar ana rabon goro. Ni kuwa na gama sakandare, ina zaune a Tudun Wada gidan kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Mai awo ne a kasuwa, gero da dawa da masara. Bai taɓa zama ajin boko ba, amma a duniya babu abin da yake alfahari da shi kamar Turancina. Ni ma, gaskiya, kaina ya kumbura. Ni ke rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa da takardar neman aiki, har suka laƙaba mini Baturen Tudun Wada, ina kuma amsawa ba kunya.

Sai sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Amurka koyon aikin noman rani. Sharaɗi ɗaya ne ya rage: jami'ar da za ta karɓe ni ta ce sai na yi wata jarrabawar Turanci, na ci maki ɗari biyar. Da na ji haka dariya na yi. Ko littafi ban buɗe ba.

Ranar jarrabawa a Kaduna aka raba mana fensir, aka kunna rikoda. Wani Ba'amurke ya fara magana ta hanci, kamar yana tauna ƙanzo. Mu da muka koyi Turanci a bakin malaman Indiya, sai muka shiga kallon juna. Na kasa kunne iya kasawa, ban tsinci komai ba sai tari guda da ya yi a tsakiya. Wannan ɓangaren dai na cike shi da bismilla da canke.

Bayan makonni sakamako ya iso ta gidan waya. Na buɗe a zaure, na ga ɗari huɗu da casa'in da bakwai. Kawu yana kan buzu yana jan carbi, ya ce, “Nawa suka ba ka?”

Na faɗa masa.

“Bisa ɗari?”

Kafin in haɗiye yawu in ba shi amsa, ya riga ya miƙe, ya shige cikin gida ba takalmi. Sai na ji guɗar matarsa, Inna. Shi a saninsa duk jarrabawar duniya a ɗari take tsayawa, ga shi ɗan ƙanwarsa ya wuce ɗari har kusan sau biyar. Kafin la'asar labari ya kai Kwangila, washegari ya isa Hanwa. Aka yanka zakara biyu. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ya ji Turawan da kansu sun taru suna duba takardata, sun gano kalmomin da su ma ba su sani ba. Kwana uku ina amsa barka, na kasa buɗe baki.

A rana ta huɗu na same shi a rumfa yana auna wa wata mata gero. Na durƙusa na ce, “Kawu, akwai magana. Makin nan bai kai ba. Ɗari biyar suke so.”

Na zaci zai fusata. Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Nawa ya rage?”

“Uku.”

Sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. “Uku? A cikin ɗari biyar? Haba ɗan nan, shi ne ka zo da fuska kamar an yi mutuwa? Ai wannan gyara ne.” Ya cika mudu ya yi masa tozo, ya juye wa matar, sannan ya damƙi gero cikin tafin hannu ya ƙara mata a kai. “Ka gani? Shekara talatin ina awo, ban taɓa sallamar mutum ba gyara ba, ba a kuma taɓa sallamata babu shi ba. Kai ne dai ba ka tambaya ba. Gobe za mu je.”

Na yi bayani, na sake yi, bai ji ba. Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka hau mota a Kwangila, sai ofishin da ke kula da tura ɗalibai waje. Jami'in da muka samu mutum ne mai haƙuri. Kawu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya ajiye takardar a tebur ya ce, “Malam, a duba mana. Uku ce kacal. A yi mana gyara.”

Jami'in ya ce, “Baba, ai ba mu ke awon ba. Na'ura ce a can Amurka take duba takardun.”

“To, ita na'urar ba ta da ubangida?”

“Tana da shi, amma ba ya ƙara komai.”

Kawu ya girgiza kai cikin tausayi. “Wannan bai daɗe a kasuwa ba. To a rage mana mana, a bar makin da ake so ɗari huɗu da casa'in da biyar, kowa ya huta.”

Ni dai ina tsaye a baya, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Jami'in ya danne dariyarsa, ya juyo gare ni ya faɗa mini gaskiya: saura zama ɗaya a yi jarrabawar nan da wata biyu, daga shi za a rufe sunaye. In ban kai ba, a ba na bayana gurbin. Kawu kuwa duk bai ji wannan ba. Abin da ya nema kawai adireshin jami'ar, aka kuma rubuta masa.

Bayan sallar azahar washegari ya zaunar da ni a zaure, ya ce in rubuta, shi zai faɗa. Ya fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya tambayi lafiyar shugaban makarantar da matansa da 'ya'yansa, ya sanar da shi cewa bana gero ya yi kyau. Sai a shafi na biyu ya iso kan magana: yaron nan maraya ne, mai ladabi ne, awonsa ya gaza da uku, a taimaka a yi masa gyara.

Nan alƙalamina ya tsaya. Duk Turancin da nake taƙama da shi, ban san yadda ake cewa gyara ba. Na ce, “Kawu, ina jin fa ba su da wannan kalmar.”

“Ba su da gyara? To yaya suke zama da juna? Duba littafinka.”

Na ɗauko wani tsohon ƙamus, na buɗe, na kwafi fassarar farko da idona ya sauka a kai, don dama ni na ɗauka wasiƙar kwandon shara za ta. Ashe wadda na kwafa gyaran kuskure take nufi, irin wanda malami ke yi wa ɗalibi da jan biro. Kawu ya so a saka kilishi cikin ambulan, da ƙyar na shawo kansa.

Mako huɗu sai ga amsa. Wasiƙarmu ce aka dawo da ita, amma sai ka ce an yanka kaza a kanta. Wata Baturiya ta ofishin ɗaukar ɗalibai ta bi ta layi-layi da jan biro. Ta kewaye duk inda na mai da namiji mace, duk inda na tsallake ƙananan kalmomin nan da muke gani kamar ba su da aiki, duk inda na cusa wata doguwar kalma don burgewa alhali ba wurinta ba ne. A ƙasa ta rubuta cewa maki dai ba ta da ikon taɓa shi, amma ga gyaran da muka roƙa. Ta ce ta ji daɗi da gero ya yi kyau, shugaban makarantar kuma matarsa ɗaya ce, tana lafiya.

Kawu ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, fuskarsa ta cika da annuri. “Me ta ce?”

“Ta ce ta yi gyara.”

“Ka ji ko! Dubi yadda ta zuba shi, har ya fi awon yawa. Wannan 'yar mutunci ce, daga gani gidansu 'yan kasuwa ne.”

Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Da wannan Turancin nake rubuta wa bayin Allah takardar neman aiki! Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na share hawaye sai na manna wasiƙar a bango. Kwanakin da suka rage na yi su ne tsakanin jan biron nan da rediyon Kawu, ina kama tashar Amurkawa ina sauraron masu maganar hanci har kunnena ya saba. Kawu yana wucewa yana cewa, “Kana wahalar da kanka ne kawai, magana an riga an gama ta.” Da zan koma Kaduna ma cewa ya yi ai dama dole a sake awo a gaban mai kaya kafin a ɗora.

Sakamako na biyu ya zo ana saura 'yan kwanaki a rufe sunaye. Na buɗe. Ɗari biyar da uku.

Kawu ya yi lissafi da yatsu, sannan ya buga cinya. “Allahu akbar! Ta cika mudu, sannan ta ɗora uku a kai. Ban faɗa maka ba? Ɗan nan, duk inda ka je a duniya, ka tambaya. Mutane ba su da rowa, tambaya ce ba a yi.”

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga idonsa ya ciko da ƙwalla. Na rufe bakina na ce, “Gaskiyarka, Kawu.”

Ina shekara ta biyu a can aka aiko mini da labarin rasuwarsa. Ya tafi yana gaya wa duk wanda ya tsaya a rumfarsa cewa shi ne ya yi ciniki da Amurka. Da can dariya nake yi in na tuna. Yanzu da na tsufa na ga ba ƙarya ya yi ba, don da bai nace a tambaya ba, da na koma jarrabawar nan da girman kaina, na sake faɗuwa.

Abin da na koya shi ne, akwai wurin da mudu ba ya karɓar roƙo, sai ka cika shi da guminka. Amma ranar da awo ya zo hannunka, kada ka sallami mutum ba gyara. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa ƙara wa ɗalibi makin da bai ci ba, ban kuma taɓa mayar masa da takarda ba tare da na bi ta layi-layi ba. Wasiƙar tana nan a akwatina, jan biron ya koɗe, gaisuwar Kawu kuwa har yanzu tana karantuwa.