Romon Etek Samsinar

Shekara talatin Etek Samsinar, wato Inna Samsinar a yarenmu, tana sayar da romon nama da muke kira soto a bakin kasuwar garinmu Padang, ni kuma tun ina tuƙa motar haya nake karya kumallo a rumfarta.

Ba ta gaggawa. Sai ta dafa naman sa da ƙashi, da citta, kirfa da kanumfari, har romon ya yi ƙarfi. Sannan ta tsame naman, ta yanka shi falle-falle, ta soya har ya riƙa ƙaras-ƙaras a baki. A kwano za ta zuba siririyar taliya, ta ɗora dankalin da aka kirɓa aka soya, ta kwarara romo, ta barbaɗa soyayyiyar albasa.

Ɗanɗanawa kuwa aikin ƙanwarta Yusnimar ne.

"Uni, harshenki ya tsufa," in ji Yusnimar, don haka muke kiran yaya mace. "Wannan ai ruwan wanka ne, ƙara gishiri."

"To ki sha ki yi wanka, sarkin surutu."

Ranar da ƙasa ta girgiza, da la'asar, lemun tsami ya ƙare musu. Yusnimar ta ce ƙafarta na ciwo, a bari sai gobe. Samsinar ta ce ba ta son lalaci. Yusnimar ta tafi sayowa tana gunaguni, benen kasuwar ya rufta. Ba a samu gawarta ba.

Bayan kwana arba'in Samsinar ta sake hura wuta. Amma ba ta taɓa kai romon bakinta ba. Sai ta ɗebo da ludayi, ta miƙa gefen hagu inda Yusnimar ta saba tsayawa, yanzu babu kowa, ta ɗan jira. Wani lokaci ta ƙara gishiri, wani lokaci ta rufe tukunya. Mu masu ci sai mu sunkuyar da kai. Ɗanɗanon bai canza ba ko kaɗan.

Bara idanunta suka mutu, ta rufe rumfar. Na je gaishe ta, ta riƙo hannuna.

"Bahar, ranar girgizar nan motarka na bakin ƙofar kasuwa. Ka ga shigar Yusnimar?"

"Ban gani ba, Etek."

"Watakila ba ta shiga ba ke nan," ta ce a hankali.

Alhali na ga Yusnimar ranar. Tana ɗingishi ta hau matakala, har ta juyo ta ce min, "Ka gaya wa Uni ba zan yi sauri ba." Har Etek ta rasu a watan azumi ban isar da saƙon ba.